Gaskiya ko Jita-jita: Allon Waya Ya Fito Fari Fat, Shin Kayan Sun Ɓace?

Duk mai riƙe da babbar waya ya saba da tsarin nan na gida-gida: ƙananan akwatuna a jere, uku ko huɗu a kowane layi, kowane ɗauke da hotonsa. Haka ma'ajiyar hotuna take, haka shafin bidiyoyin mutum a TikTok, haka Xender ke jera abin da za a tura, haka kuma fuskar yawancin manhajojin aika kuɗi. Wata rana sai a buɗe a tarar babu akwati ko ɗaya. Fari fat, ko baƙi ƙirin ga wanda ya sa wayarsa a launin duhu. Ba rubutu, ba alama, ba wanda zai ce maka ga dalili.

A Kornaka, kan hanyar Maradi zuwa Dakoro, da ƙauyukan da ke cin kasuwarta, wannan allo yana da fassara iri-iri a bakin mutane, kuma kowace fassara da kuɗin da take ci. Wanda ya ce rezo ne, sai ya sake sayen forfe. Wanda ya ce wayar ce ta lalace, sai ya kai wa mai gyara. Wanda ya ce an kwashe masa kuɗi, sai ya hau kabu-kabu ya nufi gari, ya bar aikin gona yana jira. Ga wasu daga cikin maganganun da ake yi, da abin da ke gaskiya a cikinsu.

"Tunda ba a ga hotunan ba, sun goge"

Mafi yawan lokuta jita-jita ce. Manhajar da ke nuna hotuna ba ita ke riƙe da su ba. Hotunan suna kwance a cikin ma'ajiyar waya ko a katin memori, ita manhajar tambaya kawai take yi: guda nawa ne, ina suke? Idan aka ba ta lissafi, ta shirya musu gidaje ta jera. Idan aka ce mata babu ko ɗaya, ba ta zana komai. Idan aka hana ta amsa gaba ɗaya, nan ma ba ta zana komai. Daga waje duka biyun kamanninsu ɗaya, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Abu na farko da ke hana ta amsa shi ne izini. Wayoyin da suka cika hannun jama'a a nan, Tecno da itel da Infinix na kamfanin Transsion, da Samsung, duk tsarin Android suke bi. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, manhaja ba ta taɓa hotunanka sai ta nemi yardarka da wani ɗan saƙo da ke fitowa a tsakiyar allo. Saƙon da Faransanci ko Turanci yake zuwa, kuma sau da yawa yaron da aka ba wayar ya riƙe ne ke danna duk maɓallin da ya fi kusa da yatsarsa. In ya danna na ƙin yarda, shi ke nan. Android 11 na 2020 ya ƙara wani abu: manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ta ba, wayar da kanta take janye mata izini. Android 14 na 2023 kuma ya ba da damar a nuna wa manhaja hotuna kaɗan da aka zaɓa, a ɓoye mata sauran. Duk wannan don kare sirrin mai waya aka yi shi, kuma abu ne mai kyau. Sai dai wanda ba a yi wa bayani ba, abin da zai gani kawai shi ne hotunan bikin ɗiyarsa sun ɓace.

Na biyu katin memori ne. Ƙurar hunturu, jijjigar babur a hanyar rairayi, ko faɗuwa sau ɗaya daga aljihu sun isa su goce da shi daga mazauninsa. A kashe wayar, a zare katin, a goge bakinsa da busasshen ƙyalle, a mayar. In wayar ta kunnu sai ta sake ƙirga abin da ke kan katin, kuma kati mai cike da wa'azi da waƙoƙi da bidiyo yana ɗaukar ɗan lokaci kafin a gama ƙirga shi. A cikin wannan lokacin allon na iya zama fari ba tare da komai ya lalace ba.

Akwai wasu hanyoyin. WhatsApp yana da wani maɓalli da in aka kashe shi, hotunan da aka turo maka suna nan cikin hira amma ba su fitowa a ma'ajiyar hotuna. Google Photos yana da maɓallin rage cunkoso, wanda ke goge kwafin da ke cikin waya bayan ya ajiye wani a rumbun kamfanin, don haka ba za a sake ganin hoton sosai ba sai da intanet. Kuma sababbin wayoyi da yawa suna da kwandon shara da ke riƙe abin da aka goge, galibi har kwana 30.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. A shiga saitin waya, a duba wurin da ake nuna abin da ya cinye ma'ajiya. In an ga hotuna sun cinye giga biyu ko uku, to suna nan. Sai a buɗe manhajar fayiloli a nemi jakar da ake kira DCIM, nan kamara ke zuba abin da ta ɗauka.

Amma akwai inda maganar take gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. Katin jabu yana yawo a kasuwanni: a jikinsa an rubuta giga 32, ita ma wayar haka take karantawa, alhali ainihin cikinsa bai kai haka ba. Da ya cika sai abin da ake zubawa ya riƙa lalacewa, kuma wannan ba ya dawowa. Haka wanda ya canza waya bai taɓa ajiye kwafin hirarsa ta WhatsApp ba: kamfanin ba ya riƙe saƙon da ya riga ya isa hannun mai shi, don haka allon da babu komai a sabuwar wayar gaskiya yake faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne asara ta uku, wadda mu da kanmu muke jawowa. Mutum ya ga farin allo, ya tabbatar wa kansa wayar ta kamu da cuta, ya ce a yi mata flashin, a wanke ta tas. Hotunan da suke kwance lafiya lau, izini kawai suke jira, a lokacin ne suke tafiya da gaske. Mai gyaran kirki yakan fara da cewa, "Alhaji, ku dakata mu duba saiti tukun." Wanda bai fara da wannan ba, a karɓi waya a yi gaba.

"Ai rezo ne"

Rabi gaskiya. Ga abin da ke zaune a cikin wayar, hotunan da ka ɗauka da kanka, karatun da aka tura maka ta Xender, rezo ba shi da hannu ko kaɗan. Ga abin da ake jawowa daga nesa kuwa, kamar Facebook da TikTok da tarihin kuɗi, rezo na iya zama dalili. Amma ko a nan, kalmar ta haɗe abubuwa da yawa da maganinsu ya bambanta.

Sandunan da ke saman allo suna nuna cewa wayar tana jin eriya, ba su nuna cewa intanet na gudana. Forfe na iya ƙarewa sanduna suna cike. Mai layi biyu, misali Airtel da Moov Africa, ko Zamani da Niger Telecoms, yana iya sayen mega a layi ɗaya wayar kuma tana neman intanet ta ɗayan. Harafin da ke gefen sandunan ma yana da magana: in E ne, tsohuwar hanya ce mai tafiyar hawainiya, wadda saƙon murya ke lallaɓawa ya wuce ta cikinta amma jerin hotuna ashirin ba sa wucewa cikin sauƙi. Ranar kasuwa, eriyar da ta saba da mutanen gari sai ta ɗauki na ƙauyuka goma, kowa ya samu ɗan guntun rabo. Akwai ma wanda ba a cika tunawa da shi ba: kwanan wata. Wayar da agogonta ya koma wata shekara ta baya, saboda an zare batir ko ya mutu ya daɗe, takan kasa buɗe shafuka masu tsaro, domin takardun shaidar da ake tantance su da su suna da ranar farawa da ranar ƙarewa.

Duk waɗannan, wayar ta san bambancinsu, ko aƙalla ta san fiye da abin da take faɗa. Manhaja na iya tambayar Android ko akwai intanet, kuma tana sanin ko ta aika tambaya amsa ba ta dawo ba, ko amsar ta dawo da kuskure. Rashin faɗa maka zaɓi ne na wanda ya ƙera ta. Tun 1994 Jakob Nielsen, masanin tsara manhajoji ɗan asalin Denmak, ya jera ƙa'idoji goma na wannan sana'a, kuma ta farkonsu ita ce na'ura ta riƙa sanar da mai amfani halin da take ciki. Shi ne kuma ya yaɗa ma'aunin nan da aka daɗe da sani: jiran da ya wuce daƙiƙa ɗaya mutum yana lura da shi, wanda ya wuce daƙiƙa 10 kuwa hankalinsa ya bar wurin sai in an nuna masa ana kan aiki. A wurin da harafin E ya zama abokin zama, daƙiƙa 10 ba komai ba ce.

"Tarihin kuɗina babu komai, an kwashe"

Jita-jita ce, kuma mai haɗari. A ƙasar Dakoro gidaje da yawa suna jiran abin da ƴan ci-rani za su aiko daga Najeriya, Libiya, Aljeriya ko wuraren haƙar zinariya na jihar Agadez, musamman lokacin da rumbu ya yi ƙasa damina ba ta kai ga kaka ba. Kuɗin kan biyo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, ko ta asusun layin waya irin su Airtel Money. Don haka ba abin mamaki ba ne gaban mutum ya faɗi in ya buɗe shafin bai ga komai ba.

Kuɗin ba a cikin wayar suke ba. Lissafinsu yana cikin manyan kwamfutocin kamfanin, wayar leƙowa kawai take yi. Ko ta faɗa rijiya, abin da ke asusun bai ragu da dala ɗaya ba. Shafin tarihi na iya fitowa wayam don intanet ya yanke, ko don an saita shi ya nuna na wannan watan kaɗai alhali kuɗin a watan jiya suka shigo, ko don an shiga da wata lambar daban. Ga asusun layin waya, lambar tauraro da ake dannawa ba ta bukatar intanet sam, har a ƙaramar waya mai maɓallai tana aiki, kuma ita ce hanya mafi sauri ta ganin abin da ya rage. Sai saƙon da kamfani ke turowa bayan kowace shiga da fita, sai takardar rasit, sai wakilin kamfanin da ke zaune a shagonsa.

Haɗarin yana cikin ruɗewa. Mutumin da ya riga ya yarda kuɗinsa sun ɓace shi ne ya fi sauƙin faɗawa hannun wanda zai kira shi ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a ba shi lambar sirri ya gyara. Ba a ba kowa lambar sirri, ko da wanda ya zo da rigar kamfani ne. Kuma a ganina duk kamfanin da ke riƙe da kuɗin talakawa, wajibi ne shafinsa in ya kasa jawo tarihi ya faɗa a fili cewa kuɗi suna nan, haɗin ne ya yanke. Wannan jimla ɗaya za ta hana tafiye-tafiye masu yawa.

"In manhaja ba ta nuna ba, babu shi"

Wannan ta fi shafar masu aiki da waya ko kwamfutar hannu a madadin jama'a: ma'aikatan lafiya, malaman gona, masu ƙidayar ƙungiyoyi, ƴan kasuwar hatsi da dabbobi. Jita-jita ce. Akwai tazara mai nisa tsakanin "an ƙirga an samu sifili" da "ba a aiko da ƙirga ba".

Ma'aikatar lafiya ta Nijar, kamar na ƙasashen Afirka da yawa, tana tattara alƙaluman asibitoci da tsarin DHIS2 da jami'ar Oslo ta Norwe ke kula da shi. A cikin wannan tsarin, sai an saita musamman kafin a ajiye sifili a matsayin amsa, in ba haka ba gidan yakan zauna wayam. To jami'in da ke zaune a Dakoro ko Maradi, in ya ga gidan wata likita ta ƙauye babu komai a layin ƙyanda ko tamowa, me zai fahimta? Babu yaron da ya kamu, ko kuwa ma'aikacin ya kasa samun rezo ya aika? Na farko abin hamdala ne, na biyu abin a tashi mota ne. Jihar da ta ga yunwar 2005 ta san abin da jinkirin labari ke jawowa.

Haka batun farashi. Binciken Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka ya nuna cewa shigowar wayar salula kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili shi ne ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance, yana kira ya ji nawa tiya take kafin ya ɗora buhu a mota. A wayar murya, in wanda ka kira bai je kasuwa ba zai ce maka bai je ba. Manhajar farashi da ta bar gidan Kornaka ko Sabon Machi wayam ba tare da ta ce "ba a aiko da na wannan makon ba, ga na makon jiya", ta mayar da mutum baya ga abin da kiran waya ya riga ya warware.

"Wayar da kanta za ta rubuta cewa babu komai"

Wannan kuma ta masu ƙera manhaja ce, matasanmu da ke koyon sana'ar a Maradi da Yamai da Kano, kuma a kansu nake so in daɗe, domin a hannunsu gyaran yake. Jita-jita ce. Babu abin da ke fitowa a allo sai wanda wani ya zauna ya rubuta.

A tsohon tsarin Android, kayan aikin jera gida-gida da ake kira GridView yana da wata ƙofa mai suna setEmptyView: ka tsara saƙonka, ka rataya a nan, tsarin ya riƙa fito da shi duk lokacin da lissafi ya zama sifili. Ko a nan sai ka rubuta saƙon da kanka. A 2014 Google ya fito da RecyclerView, wanda ya fi sauri da sauƙin nauyi, kowa ya koma kansa, amma shi ba shi da wannan ƙofar. Dole maƙeri ya riƙa duba lissafin da kansa, ya ɓoye jerin, ya fito da saƙo. Wanda bai san haka ba, ko ya sani ya bar shi sai daga baya, manhajarsa ke fitowa fari fat. A Flutter, wanda matasa da yawa ke koya yanzu, in ka ba jerin lissafin sifili, fili kawai zai bar maka. A ɓangaren iPhone, kayan jera gida-gida ya zo a 2012, amma sai a 2023, da iOS 17, Apple ya kawo shiryayyen allo na musamman don wannan hali.

Rataya saƙo ɗaya ma bai gama aikin ba, domin "babu" ba iri ɗaya ba ce. Ka je shago ka nemi man gyaɗa. Mai shago na iya ce maka ya ƙare, ko yaro ya tafi ɗaukowa ka ɗan zauna, ko yana cikin sito amma maɓalli na wurin maigida, ko kuma mai jarka ne babu akwai na kwalba. Kowace amsa da abin da za ka yi bayanta. Mai shagon da ya dube ka ya yi shiru, ko wanda amsarsa ɗaya ce ga kowa, ba za ka koma wurinsa ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, a fara jerin da sifili, a aika neman bayanai, a bar saƙon "babu komai" yana tsaye har su iso. A ofis mai intanet mai ƙarfi wannan ƙiftawar ido ce, maƙerin ma ba zai lura ba. A ƙauyen da ke bayan Kornaka yana iya kai rabin minti, kuma kafin nan mai wayar ya karanta, ya yarda, ya rufe. Na biyu ya fi muni: a rubuta cewa in an samu kowace irin matsala wajen jawo bayanai, a mayar da jeri marar komai don kada manhajar ta faɗi. Ta haka yankewar intanet, da faɗuwar kwamfutar kamfani, da ƙin izini, duk sai su fito da fuska ɗaya, suna shaida wa mutum cewa ba shi da komai. Wannan ƙarya ce, ko da ba da niyya aka yi ta ba.

Abin da ya kamata shi ne manhaja ta riƙe halinta daban da lissafinta. In tana jira, ta nuna tana jira, kuma jiran ya kasance da iyaka. In intanet ya yanke, ta ce, "Babu intanet. Kayanku suna nan, ku sake gwadawa," da maɓalli babba a ƙasa. In izini ne, ta ce, "Ba ku ba mu izinin ganin hotuna ba," maɓallin kuma ya kai mutum wurin saitin kai tsaye, kada a bar shi yana lalube. In bincike ne bai dace da komai ba, ta nuna abin da aka nema da hanyar share shi. In kuwa da gaske sabon shiga ne bai ajiye komai ba, ta nuna masa inda zai fara. Sannan duk abin da ta taɓa jawowa ta ajiye shi a cikin waya, ta nuna shi da ranar da aka samo shi. A wurin da rezo ke zuwa yana tafiya, tsohon labari mai kwanan wata ya fi farin allo amfani nesa ba kusa ba.

"Kalma biyu ta Faransanci ta wadatar"

Jita-jita ce. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa manyan da ke iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba, kuma a karkara, musamman tsakanin mata, abin ya fi haka ƙasa. Cikin masu karatun ma ba kowa ke jin Faransanci ba, wasu kuma da ajami suka fi sabawa tun daga makarantar allo. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Manhajar da aka yi don manoman Maradi ba ta da hujjar yi musu magana da harshen da ba su ji, ballantana a daidai lokacin da suka ruɗe.

Wasu masu ƙira sukan ce to a sa hoto. Amma wane hoto? Zanen da ake ɗaukowa kyauta a intanet, ɗan sama-jannati yana shawagi, fatalwa mai murmushi, buɗaɗɗen kwali, an yi su ne don wasu idanu. Dabbar nan ta zamanin da wadda Chrome ke nunawa tun 2014 in intanet ya yanke ta yi suna a duniya, amma ba ta gaya wa mai kallonta a Kornaka cewa forfensa ya ƙare. Indrani Medhi, wadda ta yi bincike a cibiyar Microsoft ta Bangalor a Indiya tun tsakiyar shekarun 2000 tare da mutanen da ba su yi karatu ba, ta gano cewa zanen hannu mai nuna abin da aka sani, haɗe da murya cikin harshen mutum, ya fi rubutu da alamomin zamani isar da saƙo. Mu ma muna da shaidarmu a gida. Cibiyar RECA ta majalisun manoman Nijar tana amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin Hausa da Zabarmanci, manomi ya turo hoton ganyen da tsutsa ta ci, a mayar masa da amsa da murya. Kuma kowa ya san a ƙauyukanmu saƙon murya ne ke tafiyar da WhatsApp.

Don haka ɗan maɓallin lasifika a gefen saƙon, wanda in an taɓa shi murya za ta ce, "Baba, ba a goge komai ba, intanet ne ya yanke," ba ado ba ne. Sharaɗi ɗaya: muryar da zanen su kasance a cikin manhajar tun ranar da aka sauke ta. Saƙon rashin intanet da sai an jawo shi ta intanet ba zai taɓa fitowa a lokacin da ake bukatarsa ba. A kuma tabbatar haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna fitowa daidai a kan ƙananan wayoyi masu araha, ba su koma akwatuna ba.

"Wannan ƙaramin abu ne, sai an gama manyan ayyuka"

Ga maƙeri ƙarami ne, aikin yini ɗaya ko biyu. Ga mai waya shi ne allon farko da yake gani ranar da ya sauke manhajar, tunda a ranar bai ajiye komai ba tukun, kuma shi ne wanda zai riƙa gani duk lokacin da rezo ya gudu. Ƙungiyoyi da ma'aikatun da ke ba da kwangilar manhajojin noma, kiwo da lafiya don jihar Maradi su ne ke da ikon tilasta shi. Su rubuta shi cikin takardar kwangila, kuma kafin su biya kuɗin ƙarshe su gwada da hannunsu: a kashe intanet a buɗe, a ƙi ba da izini a buɗe, a zare katin memori a buɗe, a nemi abin da babu, a mayar da wayar kan 2G. A yi gwajin da itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin wadda mutane ke saye, a cikin kasuwar Kornaka lokacin da ta cika, a miƙa wa wata inna mai sayar da ƙuli-ƙuli a tambaye ta abin da allon yake ce mata ta yi.